Rabon Ɓarawo

Daga Liman Malam Daudu, ƙasar Roni, zuwa Babura

Da sunan Allah Mai rahama. Wannan takarda ta fito daga hannun Liman Malam Daudu, limamin gabas da dutse, wanda ya karanta littattafan da jaki biyu ba sa ɗauka, wanda in ya yi gyaran murya a zaure zakaru kan fasa cara. Zuwa ga surukinmu Dunoma mai fataucin kanwa, mijin 'yarmu Ma'u. Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, shanu na lafiya, gero ya fitar da kai. Akuyar nan mai tabo ce kawai ta sake cinye igiyarta. A gaida Ma'u da ɗanku Baba Kura.

Bayan haka, Hamma mai jaki ya kawo takardarka. Ka ce tun da aka kai yayata Inno gidanka domin mai magani ya cire mata yanar ido, ba ta karya kumallo. Da rana ta kurɓi fura, da yamma ta tsakuri tuwo, amma da safe yadda ƙwarya ta shiga ɗakinta haka take fitowa. Ka ce kai suruki ne, ba ka da bakin tambayarta. Ma'u kuma 'yar fari ce, uwarta ba ta ko kiran sunanta balle ta gaya mata abin da ranta ke so, ga shi a Gwiwa aka riƙe ta, ba ta san girkin ɗakin uwarta ba. Ka ce Ma'u ta ji tsohuwar da asuba tana gaya wa bango, "Yau ma babu Rabon Ɓarawo." Kana tambaya wane abinci ne wannan.

Ka yi dabara da ka tambayi masani. Ka sani yayata ba ta kiran abincin safe da sunan da 'yan kasuwa ke kiransa. Koko a bakinta Gaisuwar Baƙo ne, don a tsaye ake shansa a wuce. Kunun tsamiya Murtuke Fuska. Ƙosai Marasa Kunya, wai suna rawa cikin mai a gaban kowa. Waina, wadda ku Barebari kuke ce wa masa don a san daga nesa kuka zo, ita Sai Juma'a take ce mata. Dambu kuwa Yi Shiru, don duk wanda ya yi magana yana ci sai an buga masa baya.

Amma Rabon Ɓarawo, na duba babban littafi, ɗanwake ne. A zuba masa kanwa sosai, tun da ku kanwa ba ta yi muku wuya. Yana da sharaɗi. Maigida da kansa ke ɗaukar akushin, ya lallaɓa ya ajiye a ƙofar ɗakinta, sannan ya kwasa da gudu kamar an biyo shi. Daga nan sunan ya samo asali. In ba a yi gudun ba, ba a yi komai ba.

Idan an yi haka ba ta ci ba, to ruwan Babura ne bai karɓe ta ba. Ku ɗora ta a jaki ku dawo mana da abarmu. Jikanta Sama'ilu, yaro mai hankali da natsuwa wanda babu irinsa a ƙasar Roni, yana gaishe ta. Allah ya ba da lafiya. Wassalam.

Daga Dunoma, Babura, zuwa ga Liman Malam Daudu

Allah ya gafarta Malam, ina durƙusawa ina gaisuwa. Mun gode Allah da jin lafiyarku da ta dabbobi. Mu ma lafiya, sai mai jiki.

Baba Liman, an yi yadda ka ce. Ma'u ta yi ɗanwake da kanwar da na zaɓa da hannuna. Na ɗauki akushi, na lallaɓa, na ajiye, na juya da gudu. Malam ya san jikina. Rabona da gudu tun kafin in yi gemu. Rawanina ya maƙale a danga, na ci karo da turmi, na faɗi a kan kajin Ma'u. Matan maƙwabta sun leƙo ta katanga. Yanzu in na zauna a rumfa, masu sayen kanwa sai sun tambaye ni ya ƙafa kafin su tambayi kaya.

Duk wannan da ta ci, da ban ambata ba. Ba ta ci ba. Ta buɗe akushin, ta shinshina, ta rufe. Ma'u na bayan ƙofa ta ji tana ce wa bango, "Hana Tashi kuma da sassafe? Noma zan yi?" Ashe ɗanwake yana da nasa sunan a wajenta. Ban ce Malam ya yi kuskure ba, Allah ya kiyaye. Na ce ko littafin a sake duba shi da rana.

Don Malam ya san ba sakaci muke yi ba: Ma'u kan tashi tun kafin kiran farko ta hau dutsen niƙa. An yi masa da zuma. An yi alala. An yi kunun kanwa, ta ce ita ba haihuwa ta yi ba. Na sa an yi burabusko irin na gidanmu, wanda ko sarki aka ba sai ya nemi ƙari. Kullum sabon girki, da zafinsa. Ban taɓa bari an kai wa surukata abin da ya kwana ba. Ɗumame yara ke ci a tsakar gida, nesa da ƙofarta, don kada ta ce mun rena ta.

Maganar a dawo da ita, mai magani bai sallame ta ba. Idon na ɗaure da tsumma, ɗakin a rufe saboda haske.

Shi kuma Sama'ilu da Malam ya yaba, in shi ne wanda ya ɗaure wutsiyar jakina da ta jakin wanzami ranar sunan Baba Kura, to hankalin daga baya ya zo masa. Ina taya ku murna.

Ina roƙon Malam ya amsa ta hannun Hamma a wannan zuwan. Tsohuwar tana ramewa, kuma a gidana take ramewa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Daga Liman Malam Daudu, zuwa Babura

Daga Liman Malam Daudu, wanda ba a ce masa ya sake duba littafi, zuwa ga Dunoma. Gaisuwa. Muna lafiya. An sami akuyar a gonar wake. Ya ƙafa?

Bayan haka, na yi mamaki. Mutum ya yi gudu rabi da rabi, ya faɗi a kan kaji, sannan ya ɗora wa littafi laifi. Duk da haka na duba. Gara ce ta ci gefen takardar, ta cinye wajen da ake bukata. Na kira Sama'ilu, mai kaifin ido, ya haɗa mini ragowar. Kuma maganar wutsiyar jaki an bincika tuntuni, jakunan ne suka yi wa kansu.

Ga abin da ya fito. Rabon Ɓarawo kunun gyaɗa ne. Amma ba da gyaɗar gida ake yinsa ba, ba kuma da ta kasuwa ba. Sai an je gonar maƙwabci kafin gari ya waye an tuge tushe kaɗan ba tare da ya sani ba. Ka ga sunan ya zauna daidai. Ba laifi a ciki, magani ne.

Ka lissafa mini masa da zuma, da alala, da burabusko. Dunoma, tsohuwar Bafulatana ce aka kai maka, ba ayarin fatake ba. Wannan burabuskon naku da kuke alfahari da shi, mu nan tsaki muke ce masa, kaji muke watsa wa. Inno in ta gan shi Yashin Rafi take cewa. Kai ko ba ka lura ba, duk abincin da ta raɗa wa suna na tsokana, tana ci ne a ɗakinta, a kan tabarmarta, tana faɗa da mutanenta. A gidan suruki wa za ta yi wa faɗa?

Shi ya sa nake sake cewa, mai maganin nan ya kwance mata ido ya ba ku ƙullin magani, a ƙarasa a nan. Ɗakinta na nan ana share shi kullum. Tukunyarta na kife. Kazarta ta ƙyanƙyashe, ba wanda ya san wanne za a bari wanne za a yanka sai ita. Gidan ya yi shiru ƙwarai, har ni Liman karatu ba ya shiga kaina. Wassalam.

Daga Dunoma, zuwa Roni

Gaisuwa ga Malam. Ƙafa da sauƙi.

Na karanta takardar nan na sake karantawa, na kai wa limamin unguwarmu ya karanta mini, ko idona ne. Ya ce haka aka rubuta. Ya tambaye ni ko Malam Daudu ya yi zazzaɓi mai zafi a bana. Liman guda, mai jan salla, yana umartar surukinsa ya shiga gonar mutane da asuba. Na ce ba zan yi ba, kuma na hana kowa.

Ma'u ta yi. Ba ta gaya mini ba. Ta yafa zane ta fita ta ƙofar baya, ta shiga gonar maƙwabcinmu, ta tuge gyaɗa. Karensa ya yi haushi, ya fito da sanda, ya sami matar Dunoma tsugune da tushen gyaɗa a hannu tana kuka. Mutumin kirki ne. Da ya ji dalili ya aiko da kwando cike. Da ya zage mu ma da ya fi mini sauƙi. Ma'u ta daina zuwa rijiya.

Aka dama kunun. Inno ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye, ta ce wa bango, "Farin Malam ne, ya yi daɗi, Allah ya yi albarka." Shi ke nan. Shi ma da sunansa.

Malam ya ce burabuskon uwata abincin kaji ne. Na haɗiye, wasa ne tsakanin Fulani da Barebari, ko da yake ban san Malam da shi ba. A shekarun da nake zuwa gaishe ka ban taɓa jin ka faɗi magana uku a jere ba. Yanzu ga labarin akuya, ga na kaza. Takardar ma da maiƙo a gefe, tana ƙanshin ƙuli-ƙuli.

Kada a sake ce mini a dawo da ita. Na tambayi mai magani a gaban shaidu. Ya ce in aka ɗora ta a jaki yanzu, girgiza da hasken rana za su ɓata aikin, idon ya tafi ke nan har abada. Ya kuma ce ido ba ya warkewa a kan cikin da ba komai, don maganin da yake ba ta na safe ne, sai an ci abinci ake shansa. Ba za ta tafi ba sai ta warke, ba za ta warke ba sai ta karya. Ni ina tsakiya.

Abu ɗaya na tambaya. Sunan abinci ɗaya. Na san sunan da take kiran kowane abin karin kumallo daga nan har Kazaure, ban da wanda nake nema.

Daga Dunoma, zuwa ga wanda ke karɓar takardu a gidan Liman

Gaisuwa. Ban sami amsar waccan ba. Hamma ya ce kogi ya cika, bai iya haurawa ba, ya juyo daga Kazaure da takardar a jakarsa. Zai haɗa da wannan ya kawo.

Ya kuma ce mini wani abu. Ya ga Liman Malam Daudu da idonsa a Kazaure, a zauren tsohon malaminsa da ke jinya. Sun gaisa. Malam ya ce tun farkon damina yana can, bai taka Roni ba, bai ga takardar kowa ba. Hamma bai san abin da ke cikin takardun ba. Malam ya ce da shi, ya jikin Inno, ana dai samun sauƙi ko?

To ko wane ne kai, na gaji da fushi. Ina da zato, kuma zaton nawa yana da alaƙa da wutsiyar jaki. Wannan sai mun haɗu.

Inno yanzu a zaune take salla. Furar ranar ma ta rage. Jiya Baba Kura ya shige ɗakinta yana bin kaza, ta laluba ta kama hannunsa, ta shafa kansa, ta daɗe ba ta sake shi ba.

Ma'u na tsaye a kaina, ta ce in rubuta maganarta yadda ta faɗa. Ta ce: "Ni ban tashi a gabanta ba. Ban san da wane hannu take juya tuwo ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban ji haushi ba, haka aka yi wa kowace 'yar fari. Wannan ne karo na farko da ta kwana a ɗakin da na share. Ina so ta ci abin da na dafa ko sau ɗaya ne. In kai ka san abin, kai ka ci shi shekara da shekaru. Ka ba ni aronsa."

Iyakar maganarta ke nan. Ni ba ni da ƙari.

Daga Roni, zuwa Babura

Daga Liman Malam Daudu, wanda

A'a. Takarda ba ta da yawa, ba zan yaga ba, ku tsallake wannan layin.

Ina gaisuwa. Takardu biyun sun iso tare da hantsi. Hamma zai juya da la'asar, na riƙe masa jaki sai na gama.

Ɗumame ne. Rabon Ɓarawo ɗumame ne, wanda yara ke ci a tsakar gidanku. Tun da aka kai ta take jin ƙanshinsa kowace safiya ta ƙarƙashin ƙofa, ku kuna nisanta shi don girmamawa, ita kunya ta hana ta cewa a miƙo. Ta mutu da yunwa ya fi mata sauƙi a kan ta roƙi tuwon jiya a gidan suruki. Kun san ta. Ni ma na san ta, shi ya sa laifina ya fi naku.

Goggo Ma'u, ga yadda ake yi. Tuwon dawa, ba na gero ba. Wanda ya rage da yamma a yanka shi gutsi-gutsi a ƙaramar tukunyar ƙasa, a zuba ragowar miyar kuka a kai, a rufe da faifai ya kwana. Da asuba a ɗora a garwashi, ban da harshen wuta. Kada ki juya. Ki bari gindin ya kama har ki ji yana ƙara, ƙanzon nan shi ne abin. Sai man shanu, ɗan kaɗan, a tsakiya. Kada ki juye a akushi mai kyau. Da tukunyar za ki kai, da baƙinta.

Saura ɓarawon, kuma wannan karon ba wasa nake ba. Lokacin da uwata ta rasu ina ƙarami, an ce na ƙi abinci, duk wanda ya ba ni sai in kawar da kai. Sai Inno ta daina ba ni. Ta ɗumama tuwo ta tura ƙarƙashin gado ina gani, ta ce nata ne, duk wanda ya taɓa sai ta karya masa hannu, ta juya baya tana jan carbi. Na rarrafa na sata. Ta kama ni da muciya a hannu, ta ce tsohon mijin banza, ba ka kawo hatsi ba sai satar tuwo. Ta ce ita ba ta cin ragowar ɓarawo. Sannan ta cinye sauran tas. Haka muke yi har ranar da aka ɗora ta a jaki, da gemuna ya fara tsirowa da komai. In ba a sata ba, ba ta ci. Takan ce tuwon da ba wanda ya yi kwaɗayinsa bai yi daɗi ba.

Saboda haka ki ajiye tukunyar kusa da gadonta, ki fita, kada ki ce komai. Sai ki tura Baba Kura. Ki ce masa ya lallaɓa ya sa hannu ya ɗebi ƙanzo, ya yi motsi yadda za ta ji. Ki bar muciya inda hannunta zai kai. Ba ta duka da ƙarfi, sai dai a kunne. In ta zage shi, to ku gode wa Allah. In ta ce masa mijin banza, ku kawo maganin safe, za ta sha.

Wannan ne abin da ban so in faɗa ba. Na san amsar tun takardar farko. Na yi zaton in ta ƙi ci kwana kaɗan za ku gaji ku dawo da ita, ban san tafiya za ta ɓata idon ba, ban kuma tsaya na tambaya ba. Kuma ban so wani ya ci rabona. Yanzu na ba Baba Kura aro. Aro na ce. A gaya masa.

Baba Dunoma, babu babban littafi, babu gara. Liman bai san komai ba, kuma in ya dawo ni zan gaya masa kafin ka riga ni. Gudun da ka yi da faɗuwa a kan kaji, ka rama yadda ka ga dama. Burabuskonku yana da daɗi, na ci akushi biyu ranar suna. Wutsiyar jakin ma ni ne. Goggo, maganar gonar gyaɗa ba ni da bakin ba ki haƙuri a takarda. Da kogi ya gama janyewa zan zo da ƙafa in durƙusa, in kai wa maƙwabcin naku gaisuwa in gaya masa wanda ya aike ki.

Kada ku ce wa Inno daga nan aka aiko da bayani. Ku bari ta ɗauka 'yarta ce ta gane da kanta.

Wanda ya rubuta wannan da biyun da suka gabata ba liman ba ne, ko ladan bai kai ba. Sama'ilu ne, jikan Inno, ɓarawon.